Matan Dalit da na Adibasi a adabin Indiya: tambayoyi da amsoshi kan zalunci da tabon da yake bari

Wanda ya san Indiya ta fina-finai kaɗai, ya san rawa da waƙa da soyayyar ɗan mai kuɗi da 'yar talaka. Da wuya ya ga matar da ake zuba wa ruwan sha daga sama don kada bakin buta ya taɓa hannunta. Wannan matar tana cikin littattafai, kuma tun daga shekarun 1980 ita da kanta take rubuta yawancinsu. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan fanni na adabi.

Su wane ne Dalit, su wane ne Adibasi? Ba abu ɗaya ba ne?

Ba ɗaya ba ne, kuma haɗa su wuri guda shi ne kuskuren farko da masu karatu ke yi.

Tsohon tsarin Hindu ya kasa mutane gida huɗu: Brahmin masu addini da ilimi, Kshatriya masu sarauta da yaƙi, Vaishya masu fatauci, sai Shudra masu hidima. A ƙarƙashin waɗannan akwai dubban ƙananan rukunai da ake kira jati. A jatinsa ake haifar mutum, a ciki yake aure, a ciki yake mutuwa. Dalit su ne waɗanda aka bari a wajen gidajen nan huɗu, aka ce taɓa su najasa ne, aka ɗora musu kwasar bahaya da janye mushe da jima da shara. Kalmar dalit na nufin wanda aka murƙushe, kuma su suka zaɓe ta da kansu. Sunan Harijan da Gandhi ya raɗa musu, wato 'ya'yan ubangiji, yawancinsu sun ƙi shi, suna ganin tausayi ne na raini. A ƙidayar 2011 sun kai kashi 16.6 cikin ɗari na mutanen ƙasar, wato kimanin miliyan 200.

Adibasi kuwa na nufin mazaunan asali: Santal, Oraon, Munda, Gond, Bhil da sauran ƙabilu masu harsunansu da addinansu, waɗanda rayuwarsu ta dogara ga daji da tudu. A ƙidayar 2011 su ne kashi 8.6 cikin ɗari, sama da miliyan 100. Ƙabilun arewa maso gabas, irin su Naga, doka ta sa su a jeri ɗaya da waɗannan, amma ba su cika kiran kansu Adibasi ba.

Bambancin yana fitowa sarai a littattafai. Macen Dalit tana zaune a gefen gari, kullum tana shiga gonar mai ƙasa da bayan gidansa, don haka labarinta na ruwa ne da abinci da ladan aiki da taɓawa. Macen Adibasi labarinta na ƙasar da aka ƙwace ne, da ɗan kwangilar katako, da mai ba da bashi, da ɗan sanda.

Me ya sa ake ware mata? Ai mazansu ma suna shan wuya.

Suna sha. Amma akwai dalili a cikin ginin tsarin kansa. B. R. Ambedkar, wanda ya jagoranci rubuta kundin tsarin mulkin Indiya, ya yi bayani tun 1916 a wata takarda da ya gabatar a Jami'ar Columbia cewa abin da ke riƙe da jati shi ne hana aure a wajen rukuni. In haka ne, to katangar jati a jikin mace aka gina ta. Macen babban gida ana kulle ta don kada jini ya gauraya. Macen Dalit ba a kulle ta, domin dole ta fita aiki, sai aka mayar da ita wadda namijin babban gida zai iya kai wa hannu ba tare da ya ji tsoron komai ba. Mutumin da ba zai sha ruwa daga hannunta da rana ba, shi ne zai tare ta a gonar rake. Marubuta da yawa sun tsaya a kan wannan munafunci.

Sannan in ta koma gida, ga mijin da aka wulaƙanta a waje yana jiran wanda zai huce a kansa. Kausalya Baisantri ta sa wa tarihin rayuwarta na 1999 suna Dohra Abhishap, wato tsinuwa biyu. Masu nazari kan ƙara ta uku, talauci.

Yaushe aka fara rubuta labarinsu?

Da daɗewa fiye da yadda ake zato. A 1848 Jyotirao Phule da matarsa Savitribai suka buɗe makarantar 'yan mata a Pune. A 1855 wata ɗalibarsu 'yar jatin Mang, Mukta Salve, ta rubuta maƙala a kan baƙin cikin Mang da Mahar, jati biyu na Dalit, har ta ambaci matan da ke haihuwa ba rufi a kansu.

Bayan nan sai aka daɗe ana jin labarin daga bakin wasu. Premchand ya rubuta gajeren labarin Thakur ka Kuan, inda Gangi ta lallaɓa cikin dare ta ɗebo wa mijinta marar lafiya ruwa mai tsabta daga rijiyar mai ƙasa, ta tsere hannu wofi da ta ji an buɗe ƙofa. A littafin Untouchable na Mulk Raj Anand, na 1935, wani malamin ɗakin bauta ya kai wa Sohini hannu, da ta yi ihu sai shi ya riga ta kururuwa cewa ta ɓata masa tsarki. An rubuta su da tausayi, amma matan ciki kusan bebaye ne. A Kafan na Premchand, na 1936, Budhia tana naƙuda har ta mutu a ɗaki, mijinta da surukinta suna waje suna gasa dankali, kuma ba ta furta kalma ko ɗaya ba. Masu sharhi 'yan Dalit sun daɗe suna jayayya da wannan labari.

Juyin ya zo daga jihar Maharashtara. A 1972 matasan marubuta irin su Namdeo Dhasal suka kafa ƙungiyar Dalit Panthers a Bombay, tarihin rayuwa ya zama makami. Na maza ne suka fara fitowa. Na mata suka biyo: Kumud Pawde a 1981, Shantabai Kamble da Baby Kamble a tsakiyar shekarun 1980 da harshen Marati, sai P. Sivakami a 1989 da Bama a 1992 da harshen Tamil, sai Urmila Pawar a 2003.

Wane irin zalunci ne littattafan ke nunawa a zahiri?

Mai neman kisa da jini a kowane shafi zai yi mamaki. Mafi yawan abin da ke ciki ƙananan abubuwa ne da ake maimaitawa kullum.

A Karukku, Bama ta ba da labarin ranar da take dawowa daga makaranta tana aji uku. Ta ga wani dattijon unguwarsu, mutumin da kowa ke girmamawa, ya sayo wa mai gona soyayyen abin taɓawa da ake kira vadai, mai kama da ƙosai. Bai riƙe ƙunshin a hannu ba, sai ya kama zaren da aka ɗaure shi da shi yana lilo, ya je ya rusuna ya miƙa. Abin ya ba ta dariya, ta zo gida tana kwaikwayo. Yayanta bai yi dariya ba. Ya gaya mata cewa in hannun dattijon ya taɓa ƙunshin, mai gonar ba zai ci ba. A littafin kuma ga kakanninta mata da ke aiki a gidajen Naicker, jatin masu gonaki: ana tsiyayo musu ruwan sha daga sama su tara hannu, ana juye musu kwanan abincin jiya daga nesa, su karɓa suna godiya. Godiyar nan ta fi komai ƙona wa yarinyar rai.

Baby Kamble, a Jina Amucha da aka fassara da sunan The Prisons We Broke, ta nuna matan Mahar masu kai itacen girki unguwar Brahmin. Bayan sun sauke dami a bayan gida, sai an sa su duba kowane ice ɗaya bayan ɗaya, kada a samu silin gashinsu ko zaren zanensu ya maƙale, domin wannan kaɗai zai ɓata gidan. Kuɗin ma jefo musu ake yi. Ta rubuta yunwa dalla-dalla: murnar da unguwa ke yi in saniyar wani ta mutu, yadda ake rabon mushen, yadda mai jego ke ɗaure ciki ba abin da za ta ci.

Ko a littattafan maza, wurin da ya fi zama a zuciya sau da yawa na uwa ne. A Joothan na Omprakash Valmiki, na 1997, wanda sunansa ke nufin ragowar abinci a kwanon wani, mahaifiyarsa ta roƙi mai biki ya ba 'ya'yanta abinci mai kyau. Ya nuna mata kwandon ragowar da ta tattara, ya ce ta san matsayinta. Ta kife kwandon a gabansa, ba ta sake zuwa ƙofarsa ba.

Yaya ake nuna fyaɗe da cin zarafi?

Marubutan kirki ba su tsayawa a kan aikin kansa. Abin da ke biyo baya suke bi, domin a nan ake ganin yadda injin ke juyawa. Misali mafi bayyana shi ne na Mariamma a Sangati, littafin Bama na 1994, kuma ya kamata a bi shi daki-daki.

Yarinya ta dawo daga itace, ta ratse ta sha ruwa a ɗakin injin ban-ruwa na wani mai gona, Kumarasami. Ya ja ta ciki, ta ƙwace ta gudu. Ƙawayenta suka ce ta yi shiru, ba wanda zai yarda da ita. Shi kuwa da ya ji tsoron maganar za ta fita, sai ya riga ta kai ƙara wurin shugaban unguwar Dalit, ya ce ya gan ta da wani saurayi, Manikkam, suna abin kunya. Aka kira taron unguwa. Mazan unguwar sun san a gonar wa za su nemi aiki gobe, don haka ba wanda ya tambayi mai gonar komai. Matan da suka san gaskiya suna tsaye a gefe suna gunaguni, aka daka musu tsawa su yi shiru. Mahaifinta ya mare ta a bainar jama'a don ta nemi gafara. Aka ci ta tarar rupi 200, saurayin 100. Daga baya, da sunanta ya ɓaci, aka aurar da ita ga Manikkam ɗin, mashayi mai duka.

A lura: mai laifin bai halarci taron ba, bai ɗaga hannu ba. Mutanenta ne suka yi masa aikin.

Sivakami, wadda ta yi aiki a matsayin babbar jami'ar gwamnati, ta ƙara tura wuƙar ciki a littafin da ta fassara da kanta da sunan The Grip of Change. Thangam bazawara ce marar ɗa, dangin mijinta suka hana ta gadon gona, ta koma ƙodago a gonar wani ɗan babban jati na Udayar, ya yi mata fyaɗe ya mayar da ita farkarsa, dangin matarsa suka lakaɗa mata duka. Ta kai kuka gidan Kathamuthu, jagoran Dalit na yankin. Shi ya san ƙara a kan fyaɗe ba ta da kasuwa, sai ya sauya takardar: an doke ta ne don ta bi ta titin manya. Da wannan ya tayar da rikicin jati, ya ci riba a siyasa, aka biya diyya. Sai ya karɓe kuɗin da sunan aro, ita ma ya mayar da ita tasa.

Wannan ba tonon asirin gida ba ne? Ba ya ba maƙiya makami?

An faɗa musu haka, da zafi. Mutanen garin Bama sun hana ta shiga garin na tsawon watanni bayan fitowar Karukku. Baby Kamble tana rubutu a ɓoye a ɗan shagon da take tsaro, ta ɓoye takardun kimanin shekara 20 saboda tsoron mijinta. A littafinta akwai amaryar da aka aurar tun tana ƙarama, ta gudu saboda azabar uwar miji, aka kamo ta aka sa mata turu a ƙafa. Wata ma an yanke mata hanci. Ba Brahmin ne ya yi wannan ba.

Amsar da matan suka bayar ita ce, wanda aka ce ya rufe ciwo don kada maƙwabci ya gani, ruɓewa zai yi. Kuma ba su bar jati ya kuɓuta ba, sun nuna daga ina dukan ya gangaro. A 1995 Gopal Guru ya rubuta wata maƙala da ta yi tasiri, yana cewa matan Dalit suna magana da murya dabam: ƙungiyoyin mata na birni ba su ganin jati, ƙungiyoyin Dalit kuma ba su ganin mace. A shekarar aka kafa tarayyar matan Dalit ta ƙasa, Ruth Manorama na cikin jagororinta.

To matan Adibasi fa?

Sunan da za a fara ji shi ne Mahasweta Devi, marubuciyar Bangali da ta rasu a 2016. Labarinta Draupadi, wanda ya fito a 1978, ya faru ne a zamanin tawayen manoma da ya taso daga Naxalbari a 1967. Dopdi Mejhen 'yar Santal ce, ita da mijinta suna cikin waɗanda suka kashe mai ƙasar da ya hana mutane ruwa a lokacin fari. Aka kashe mijin, aka kama ta, jami'in da ake kira Senanayak ya ba da umarni ya tafi cin abinci, aka kwana ana yi mata fyaɗe. Da safe aka ba ta zane ta rufa a kai ta gabansa. Ta yayyage zanen da haƙora, ta tako tsirara jina-jina har gabansa, ta ture shi da ƙirjinta. A karon farko ya ji tsoron wanda ba ya riƙe da makami. Mai karatu ɗan Indiya ya san inda sunan ya fito: a Mahabharata, tsohon littafin tarihin Hindu, an yi ƙoƙarin tuɓe Draupadi a fada, Krishna, ɗaya daga cikin allolinsu, ya sa zanenta ya ƙi ƙarewa. Ita Dopdi ba wanda ya zo, kuma ba ta nemi a zo ba.

Douloti kuwa labarin bashi ne, a yankin Palamu. Uba ya zama bawan bashi, wani Brahmin ya biya rupi 300 ya fanshe shi da alkawarin auren 'yar, sai ya kai ta gidan karuwai. Ta biya ninkin-ba-ninkin bashin da jikinta, bai taɓa raguwa ba, domin abinci da sutura da magani duk ana rubutawa a kanta. Ta mutu da cuta a kan taswirar Indiya da wani malamin makaranta ya zana a fili don bikin 'yancin kai na 15 ga Agusta. Dokar haramta bautar bashi ta zo a 1976.

Daga cikin matan Adibasi su kansu akwai C. K. Janu ta Wayanad a Kerala, wadda ta jagoranci mamaye dajin Muthanga a 2003 don neman ƙasa, 'yan sanda suka buɗe wuta. Ta faɗi tarihinta da baki aka rubuta, ya fito da Turanci da sunan Mother Forest. Akwai mawaƙa Nirmala Putul da Jacinta Kerketta na Jharkhand, masu rubutu a kan haƙar ma'adinai da 'yan matan da ake kwasa aikatau Delhi. Akwai Temsula Ao ta Naga, da labarin yarinyar da ta ci gaba da rera waƙar coci sojoji suna kewaye da ita.

Mahasweta Devi ba Adibasi ba ce. Tana da hurumin yin magana a madadinsu?

'Yar babban gida ce, 'yar boko. Masu sharhin Dalit da ke rubutu da Hindi suna da kalmomi biyu a kan wannan: sahanubhuti, jin tausayin wani, da swanubhuti, abin da ya faɗo a kanka. Suna cewa na farko ba ya zama na biyu komai kyan niyya.

A ganinmu tambayar da ta fi amfani ita ce me marubuci ya yi da ciwon matar. Mahasweta ta yi shekaru tana yawo a ƙauyuka, tana kai ƙara kotu a madadin Lodha da Kheria Sabar, ƙabilun da dokar Turawa ta 1871 ta yi wa tambarin ɓarayi tun daga haihuwa. Ta san farashin komai. Duk da haka matanta kan zama alama: Douloti ta zama taswira, Dopdi ta zama tuta. Matan Bama kuwa suna tsegumi, suna waƙar biki, suna zagin miji da ashar, suna dariya. Wanda ya karanta Mahasweta kaɗai zai ɗauka rayuwar duka makoki ce.

Kuma zama ɗan gida ba ya kare marubuci. Hansda Sowvendra Shekhar likita ne ɗan Santal. A littafinsa The Adivasi Will Not Dance, na 2015, wata yarinya mai tafiya ci-rani ta ba ɗan sandan jirgin ƙasa kanta a kan rupi 50 da soyayyen burodi guda biyu. Wasu 'yan ƙabilarsa suka ce ya zubar da mutuncin matansu, gwamnatin Jharkhand ta haramta littafin a 2017, aka dakatar da shi daga aiki, kafin daga baya a janye haramcin.

Masu nazari suna yawan maganar tabon zuciya. Yaya yake bayyana a rubutun?

Ka'idar da ake koyarwa a jami'o'i, wadda aka fi dangantawa da littafin Cathy Caruth na 1996, ta ginu a kan masifa guda da ta faɗo kwatsam, ta fi ƙarfin hankali, ta riƙa dawowa a mafarki, harshe ya kasa faɗinta. In aka ɗora wannan a kan littattafan nan yadda yake, ba ya zama daidai, saboda dalilai uku. Babu ranar da abin ya fara, an haifi mutum a ciki, uwarsa ma haka. Ba na mutum ɗaya ba ne, shi ya sa Baby Kamble ta fi cewa mu a kan ni, Sangati kuma ba shi da tauraruwa guda. Sannan matan ba su rasa bakin magana ba, masu sauraro suka rasa.

Wurin da tabon ya fi fitowa shi ne hawan iska. A Sangati mata ne kaɗai aljanun da ake kira pey ke kamawa, kuma mai ba da labarin ta tsaya ta yi lissafi: mace ta tashi kafin asuba, ta ɗebo ruwa, ta yini a gona tana kaffa-kaffa da mai gona, ta dawo ta yi girki, dare ya yi miji ya zo da nasa. Wadda zuciyarta ta kasa ɗauka sai ta faɗi, a ce iska ce. A wurin Kamble, a watan Ashadh ne allahiya ke hawa kan mata, kuma a lokacin ne kaɗai surukai da miji ke durƙusa wa matar da suka saba duka. Bahaushen da ya san abin da ake faɗa game da bori da matan kulle ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Siffar rubutun ma shaida ce. Karukku ba ya bin shekaru a jere, yana komawa kan abu ɗaya ta fuskar aiki, ta fuskar wasa, ta fuskar addini. Sunan kansa ganyen giginya ne mai kaifi gefe biyu kamar zarto, wanda ke yankar mai ɗebo itace.

Ƙirƙira ce ko abin da ya faru?

Da yawa tarihin rayuwa ne, ƙagaggun kuma suna jingine da shari'o'i sanannu. Ranar 25 ga Disamba 1968, a Kilvenmani ta Tamil Nadu, an ƙone mutum 44 a cikin bukka guda, yawancinsu mata da yara, saboda yajin neman ƙarin lada. Babbar kotun Madras ta wanke masu gonakin. A kan wannan Meena Kandasamy ta gina The Gypsy Goddess a 2014. A 1972 'yan sanda suka yi wa wata yarinya Adibasi fyaɗe a cikin ofishinsu a Maharashtara, kotun ƙoli ta sake su da hujjar ba a ga rauni a jikinta ba. Fushin da ya biyo baya ne ya kawo gyaran dokar fyaɗe a 1983. A Khairlanji, a 2006, an kashe uwa da 'yarta da 'ya'yanta maza biyu, kotu ta hukunta wasu amma ta ce ba jati ne dalili ba.

Doka dai tana nan. Sashe na 17 na kundin tsarin mulki na 1950 ya soke ƙyamar taɓawa, akwai dokar hana cin zarafin Dalit da Adibasi ta 1989, da dokokin hana kwasar bahaya da hannu na 1993 da 2013. Littattafan suna nuna inda take maƙalewa: ɗan sandan da ya ƙi rubuta ƙara, ko ya rubuta ya cire sashen jati, da shaidar da gobe zai nemi aiki a gonar wanda ake tuhuma.

Sauya addini bai fitar da su ba?

Wani wuri ya taimaka, wani wuri jatin ya bi su. A 14 ga Oktoba 1956 Ambedkar ya shiga addinin Buddha a Nagpur tare da dubban ɗaruruwan mutane, kuma Kamble da Pawar sun rubuta wannan a matsayin ranar da Mahar suka daina cin mushe, suka fitar da gumaka, suka tura 'ya'ya makaranta. Bama Kirista ce 'yar Katolika, ta yi shekara bakwai a gidan mata masu zaman zuhudu, ta fito saboda ta tarar da rainin a can ciki. Musulmin Indiya ma suna da nasu rabon na ashraf da ajlaf da arzal, wato manya da talakawa da na can ƙasa, abin da ƙungiyoyin Pasmanda na Musulmin da aka bari a baya ke yaƙa. Wani abin lura: gurbin karatu da aiki da aka ware wa Dalit, doka ta taƙaita shi ga Hindu da Sikh da mabiya Buddha, ban da Kirista da Musulmi.

Ya yi kama da yadda wasu ke ƙin aurar da 'ya ga mahauci ko wanzami ko jikan bawa?

Ta fuskar aure da gadon sana'a akwai kama, kuma shari'ar da kotun ECOWAS ta yanke a kan Nijar a 2008, game da matar da aka riƙe a matsayin baiwa, ta nuna asali na iya zama sarƙa a wuyan mace a nan ma. Amma kamar ta tsaya nan. Ba wanda ke wanka don mahauci ya taɓa shi, sahu ɗaya ake bi, kwano ɗaya ake ci. Kwatanci na taimaka wa fahimta, kada dai a mayar da su abu ɗaya.

Me ke ɓacewa a fassara?

Da yawa, kuma mai karatu a nan ta Turanci zai same su. Bama ta yi rubutu da Tamil na unguwa, da zage-zagensa, abin da masu adabin gargajiya suka ɗauka cin fuska ne. A Turanci sai ya fito sumul. Tamil na bambanta nee da neenga kamar yadda muke bambanta ke da ku, har da ɗafin di da ake liƙa wa mace don raini. Ƙaramin yaron gidan Naicker yana kiran tsohuwa da sunanta tsirara, ita tana ce masa ayya, wato maigida. Turanci da kalma ɗaya yake cewa kai da ke da ku, sai rabin zagin ya zube a hanya. Don haka a karanta gabatarwar masu fassara: Lakshmi Holmström ga Bama, Maya Pandit ga Kamble da Pawar, Gayatri Spivak ga Mahasweta. Ita Spivak fassararta na tafe da nata ra'ayin, a san da wannan.

Ɗalibin da zai yi nazari a kai, ta ina zai fara, kuma ina ake yawan tuntuɓe?

Littafi biyu ko uku sun isa, kada a tara goma. Haɗi mai kyau shi ne ɗaya daga ciki, ɗaya daga waje, a kan abu guda: Sangati da Untouchable a kan cin zarafi, ko Draupadi da Mother Forest a kan ƙasa da hukuma. Kafin a fara, a rubuta jatin ko ƙabilar kowane mutum a littafin, da jihar, da shekarun, domin Mahar na Maharashtara da Paraiyar, Dalit na Tamil Nadu, da Santal na Jharkhand tarihinsu daban-daban ne. Ga kowane abin da ya faru a yi tambaya huɗu: wa ya aikata, wa ya yanke hukunci, wa aka hana magana, wa ya ci riba. Sai a nemi abin da matar ta yi, ko ashar ne, ko waƙa, ko kife kwando, ko ɓoye littafin rubutu.

Tuntuɓen da aka saba: jera wahalhalu babi bayan babi ba tare da duba yadda aka rubuta su ba, ɗaukar ka'idar Turai a tilasta wa littafi, ɗaukar tarihin rayuwa tamkar rahoton kotu, alhali marubuciyar ta zaɓi abin da za ta faɗa, da kiran duk macen da ke shan wuya a littafin Indiya Dalit. Jashoda ta labarin mai shayarwa na Mahasweta, alal misali, Brahmin ce matalauciya, kuma sau da yawa ana sa ta a jerin da ba nata ba.

Wajen neman littattafan, a duba kamfanonin Navayana, Zubaan, Orient BlackSwan, Seagull da reshen Oxford na Indiya. Kada a dogara ga manhajar jami'a kaɗai: a Agustan 2021 Jami'ar Delhi ta cire Draupadi da rubutun Bama da waƙoƙin Sukirtharani, mawaƙiya 'yar Dalit, daga manhajar digirin Turanci, duk da ƙorafin wasu malamanta.